BABI NA HUƊU: KURAKURAN KIRAN METOD A CIKIN AJI DA HANYOYIN GANO SU

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba irin kurakuran da kan auku idan mai rubuta manhajar kwamfuta ya zo kiran wani aiki da ke cikin aji, musamman a inda aiki ɗaya yake kiran ɗan'uwansa a cikin aji guda. An ɗauki harshen Python a matsayin abin nazari, ana kuma waiwayar harshen Java jefi-jefi domin kwatance. Misalan kuwa an gina su ne a kan wata 'yar ƙaramar manhaja ta lissafin kuɗin rini, irin wadda za ta dace da marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. An zaɓi wannan misali ne saboda lissafinsa gajere ne, kowa yana iya yin sa da ka, ya gane ko kwamfuta ta yi daidai ko ta kauce. Farashin da aka sa a ciki na misali ne kawai.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kurakurai tushensu ɗaya ne, wato rashin fayyace wa kwamfuta wane ne mai aikin da ake kira. Wasunsu kwamfuta kan tsaya ta faɗa, wasu kuwa takan yi shiru ta ci gaba da lissafi a kan ɓata. Na biyun nan su suka fi haɗari, don haka za a fi daɗewa a kansu.

4.1 Aji da Abu da Metod

Tsarin rubuta manhaja ta hanyar aji da abu ya faro ne daga harshen Simula, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro a birnin Oslo na ƙasar Norway, aka fitar da ingantaccensa a 1967. Daga nan Alan Kay da abokan aikinsa suka faɗaɗa tunanin a harshen Smalltalk cikin shekarun 1970. Python ya fito a 1991 daga hannun Guido van Rossum, shi kuwa Java kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da shi a 1995.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aji ita ce a dubi littafin rasit. Kowane shafi an buga masa gurabe iri ɗaya: gurbin sunan mai kaya, da na yawan turamen da ya kawo, da na kuɗin rina kowane turmi. Wannan tsari da aka buga, wanda ba na kowa ba ne, shi ne aji. Shafi ɗaya da aka cike wa wata Hajiya da ta kawo turmi huɗu daga kasuwar Kurmi shi ne abu. Daga aji ɗaya ana iya samar da abubuwa ɗari, kowanne da nasa bayanan. Metod kuwa shi ne aikin da aka rubuta a cikin aji domin a riƙa aiwatar da shi a kan bayanan abu, kamar ƙirga jimlar kuɗi ko fitar da rasit. An bar wannan kalma da sunanta na aro a nan domin kada ta cakuɗe da kalmar "aiki" ta yau da kullum. Ga ajin da za a yi ta komawa gare shi:

(1)
class Rini:
    def __init__(self, mai_kaya, yawan_turmi, kuɗin_turmi):
        self.mai_kaya = mai_kaya
        self.yawan_turmi = yawan_turmi
        self.kuɗin_turmi = kuɗin_turmi

    def ƙirga_kuɗi(self):
        return self.yawan_turmi * self.kuɗin_turmi

    def rubuta_rasit(self):
        jimla = self.ƙirga_kuɗi()
        print(self.mai_kaya, jimla)

na_farko = Rini("Hajiya", 4, 1500)
na_farko.rubuta_rasit()

Metod na farko, wato __init__, shi ne yake cike guraben a lokacin da aka ƙirƙiri sabon abu. Idan aka gudanar da wannan rubutu, kwamfuta za ta nuna sunan Hajiya da lamba 6000.

Wanda ya san nahawun Hausa zai lura cewa layin kiran metod jimla ce sosai. Abin da ya zo kafin ɗigo shi ne aikau, abin da ya biyo bayan ɗigo shi ne aikatau, abin da ke cikin baka kuma shi ne karɓau, in akwai. Kalmar self tana zaman wakilin suna ne, ma'anarta "wannan abin da ake aiki a kansa yanzu". A Hausa ana iya cewa "Audu ya ƙirga", ana kuma iya jefar da sunan a ce "ya ƙirga", amma da zarar an jefar da "ya" ɗin, magana ta sauya. Haka self take a Python.

4.2 Jefar da Aikau

Kuskuren da ɗalibi ya fi saurin faɗawa shi ne ya rubuta layin da ke cikin rubuta_rasit kamar haka:

(2)
        jimla = ƙirga_kuɗi()

A ganinsa babu laifi, tun da metod ɗin yana nan sama da shi da layi uku kacal, a cikin aji ɗaya. Amma tafintan Python zai tsaya ya ce:

NameError: name 'ƙirga_kuɗi' is not defined

Wato bai san wani abu mai wannan suna ba. Dalili shi ne, idan Python ya ga suna tsirara ba tare da aikau ba, wurare huɗu kaɗai yake dubawa, bi da bi. Yakan fara da sunayen da ke cikin metod ɗin da ake ciki, sai na wani aiki da ya kewaye shi in akwai, sai na fayil ɗin gaba ɗaya, daga ƙarshe sai sunayen da harshen ya zo da su, irin su print. Cikin aji ba ya cikin waɗannan wurare huɗu. Ke nan metod ba ya ganin maƙwabcinsa sai ta ƙofar abu, kuma ƙofar ita ce self.

A nan ne waɗanda suka fara da Java ko C++ suke ruɗewa, domin a can an yarda a kira metod na cikin aji da sunansa kawai, harshen ya cike aikau da kansa. Python ya aro wajabcin ambaton aikau ne daga harshen Modula-3, kuma a 2008 Guido van Rossum ya yi rubutu na musamman yana kare wannan tsari, bayan da Bruce Eckel ya kawo shawarar a sauƙaƙe shi. Abin da aka yi daga baya shi ne gyara saƙon kuskuren. Daga Python 3.12, wanda ya fito a 2023, saƙon yakan ƙara da tambayar ko self.ƙirga_kuɗi ake nufi.

Muddin wannan saƙo ya fito, to an yi sa'a, gyaran na daƙiƙa ne. Matsalar tana ga lokacin da bai fito ba. Sau da yawa ɗalibi yakan fara rubuta manhajarsa ba tare da aji ba, sai daga baya malami ya ce a mayar da ita tsarin aji. Sai ya kwafe ayyukan ya zuba a cikin aji, ya mance bai goge na asali da ke saman fayil ba. A ce tsohon ƙirga_kuɗi yana nan a sama, yana lissafi da wasu lambobin gwaji da aka kafe tun farko, turmi 2 a kan naira 1000. Idan aka yi kira irin na misali na (2), Python zai duba wuri na farko da na biyu bai samu ba, ya zo na uku ya samu tsohon. Ba zai ce uffan ba. Rasit ɗin Hajiya zai fito da 2000 maimakon 6000, haka kuma na duk wanda ya biyo bayanta. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin zaure a Yakasai ya ƙwala kiran Sani, bai ce Sanin wane gida ba, sai wani Sani mai wucewa ya amsa aka ba shi saƙon. Marinin da ya dogara da irin wannan manhaja zai iya yin kwanaki yana tafka asara kafin ya lura, musamman in ba shi ne yake zama a kan lissafin ba.

4.3 Saɓani a Yawan Karɓau

Kashi na biyu na kurakuran suna fitowa ne da sunan TypeError, kuma dukkansu ana warware su da fahimtar abu ɗaya. Duk lokacin da aka rubuta na_farko.ƙirga_kuɗi(), abin da Python yake aiwatarwa a ɓoye shi ne Rini.ƙirga_kuɗi(na_farko). Wato yakan ɗauke aikau da ya zo kafin ɗigo ya cusa shi a gurbin farko na cikin baka. Saboda haka abin da metod yake karɓa kullum ya fi abin da ido yake gani da ɗaya.

A ce an ƙara wani metod na ƙarin turmi, aka mance da self a wajen ƙirƙirarsa:

(3)
    def ƙara_turmi(adadi):
        ...
na_farko.ƙara_turmi(2)

TypeError: Rini.ƙara_turmi() takes 1 positional argument but 2 were given

Saƙon yana cewa gurbi ɗaya aka tanada amma abu biyu aka miƙo. Ɗalibi zai dubi layinsa ya rantse abu ɗaya ya miƙa, wato lamba 2. Gaskiyarsa, amma na biyun shi ne na_farko da Python ya cusa. Abin lura a nan shi ne, layin da saƙon ya nuna, wato layin kira, lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana can sama a layin def. Ɗalibai da yawa sukan ɓata lokaci suna sauye-sauye a layin da ba shi da laifi saboda shi aka nuna musu.

Wannan saƙo dai shi ne yake fitowa idan aka yi zarbaɓi aka rubuta self.ƙirga_kuɗi(self), domin an miƙa aikau sau biyu ke nan, ɗaya da hannu ɗaya ta ɓoye.

Kishiyar wannan ita ce a kira metod a kan aji maimakon abu, a rubuta Rini.ƙirga_kuɗi(). Sai saƙo ya ce:

TypeError: Rini.ƙirga_kuɗi() missing 1 required positional argument: 'self'

An nemi a ƙirga kuɗin shafin da ba a cike ba. Wasu sukan yi ƙoƙarin toshe bakin saƙon ta hanyar jefa kowace irin lamba a cikin baka, wanda hakan sai dai ya haifar da wani sabon kuskure. Gyaran shi ne a ƙirƙiri abu tukuna. Ya kamata kuma a duba layin ƙirƙirar da kyau, domin in aka rubuta na_farko = Rini babu baka, to ba a ƙirƙiri komai ba, an dai yi wa ajin laƙabi ne kawai.

Takwaran wannan a Java sananne ne ga duk wanda ya taɓa koyon harshen. Manhajar Java, a yadda aka saba rubuta ta, tana farawa ne daga metod mai suna main, wanda na aji ne ba na wani abu ba. In aka kira metod na abu kai tsaye daga cikinsa, sai a ga saƙon da ke cewa non-static method cannot be referenced from a static context. Bambancin da ke tsakanin harsunan biyu shi ne lokacin da kuskuren yake bayyana. Java yakan tantance rubutun gaba ɗaya kafin ya yarda a gudanar da shi. Python kuwa ba ya gane irin wannan kuskure sai tafiya ta kai kan layin. Ke nan idan kuskuren yana cikin metod ɗin rangwame da ba a kira sai ga wanda ya kawo turmi 20 ko fiye, manhajar tana iya yin watanni tana aiki lami lafiya, sai ranar da dillali ya kawo kayan sallah ta tsaya cak, layi ya taru.

Har ila yau, ɗalibin da yake amfani da tsohon littafi zai ga saƙonnin da ke ciki sun saɓa da na kwamfutarsa. Na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairu, 2020.

4.4 Ambaton Metod ba Kiransa ba ne

A Python, rubuta sunan metod daban, kiransa daban. Baka biyun da ke ƙarshe su ne umurnin a aikata. In babu su, an nuna metod ɗin da yatsa ne kawai. Idan aka rubuta jimla = self.ƙirga_kuɗi aka bar shi haka, rasit zai fito da wani dogon rubutu da ya fara da bound method a inda ya kamata a ga 6000. Wannan mai sauƙi ne, ido zai gani. Amma a dubi wannan:

(4)
    def ya_biya(self):
        return self.kuɗin_hannu >= self.ƙirga_kuɗi()

    def miƙa_kaya(self):
        if self.ya_biya:
            print("A ba shi kayansa")
        else:
            print("Da sauran bashi")

Metod na farko yana auna ko kuɗin da aka karɓa ya kai jimla, ya amsa da i ko a'a. Na biyu ya kamata ya saurari amsar, amma an mance da baka a layin if. Saboda haka tambayar da aka yi wa Python ba ita ce "ya biya?" ba, ta koma "akwai wani abu mai suna ya_biya?" Shi kuwa akwai shi kullum. A ƙa'idar harshen, duk wani abu da ba sifiri ba, ba fanko ba, ba kuma a ayyana shi a matsayin ƙarya ba, ana ɗaukarsa gaskiya ne. Sakamakon haka kowa aka duba sai manhaja ta ce a ba shi kayansa, ko da ko kwabo bai ajiye ba. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi.

Abin da ya sa wannan yake kuɓuce wa mai gwaji shi ne ɗabi'ar gwada manhaja da misalin da ake so ya yi kyau. Ɗalibi zai shigar da mai kayan da ya biya duka, ya ga an ce a ba shi kayansa, ya yi murna ya rufe. Da ya gwada da wanda ya biya rabi, da asiri ya tonu nan take. A wajen kare kundi ma, mai jarrabawa da ya san aikinsa da misalin mai bashi zai fara.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne metod da ya nuna amsa a allo ta hanyar print amma bai mayar da ita ta hanyar return ba. Mai kiransa ba zai sami komai ba sai None, sa'annan kuskure ya ɓulla can gaba, a layin da aka zo haɗa None ɗin da lamba.

4.5 Kurakuran da Suka Shafi Hausa Kanta

Akwai wasu kurakurai da littattafan da aka rubuta da Turanci ba sa kawowa, domin ba sa tasowa sai ga wanda yake raɗa sunaye da Hausa.

Na farko ya shafi kalmomin da siffarsu ɗaya ko suna ne ko aikatau. Kalmar "biya" misali ce: ana cewa "ya biya", ana kuma cewa "ranar biya". Mai rubutu yana iya sa self.biya = 0 a cikin __init__ domin ajiye kuɗin da aka karɓa, sa'annan ya gangaro ƙasa ya ƙirƙiri metod mai suna biya domin karɓar kuɗi. A kunnen Bahaushe duka biyun daidai ne. Amma idan aka rubuta na_farko.biya(2000), Python yakan fifita bayanin da ke jikin abu a kan metod ɗin da ke cikin aji, don haka sifirin zai tarar, ya yi ƙoƙarin kiransa, ya ce:

TypeError: 'int' object is not callable

Wato lamba ba abar kira ba ce. Duk inda aka ga wannan saƙo, sai a nemi inda aka ba wani bayani suna ɗaya da metod. Kalmomi irin su saya da jira da gyara duk suna iya jawo haka. Maganinsa shi ne a tsawaita sunan, a ce kuɗin_hannu ga bayani, karɓi_kuɗi ga metod.

Na biyu ya shafi baƙaƙe masu lanƙwasa. Python 2 bai yarda da su a cikin sunaye ba sam. Daga Python 3.0, wanda ya fito a 2008, aka buɗe ƙofa ga haruffan sauran harsunan duniya, har da ƙ da ɗ da ɓ. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa tarkon. A wurin kwamfuta, k lamba 107 ce, ƙ kuwa lamba 409. Haka d lamba 100 ce, ɗ kuwa 599. Babu dangantakar komai a tsakaninsu. In ɗalibai biyu suna aikin haɗin gwiwa, ɗaya yana bugawa a wayar da ke da allon rubutun Hausa, ɗayan yana bugawa a kwamfutar da babu, to na farko zai ƙirƙiri ƙirga_kuɗi, na biyu ya kira kirga_kudi, sai a sami:

AttributeError: 'Rini' object has no attribute 'kirga_kudi'

Mai karatun Hausa ya saba karanta rubutu marar lanƙwasa yana cike gurbin da ka, kamar yadda ake yi da saƙonnin waya, don haka idonsa zai wuce ta kan sunayen biyu sau goma yana ganin abu ɗaya ne. A ƙaramin rubutu ma lanƙwasar ƙ da kyar ake hango ta. Daga Python 3.10 na 2021 saƙon yakan kawo shawarar sunan da ya fi kusa, wanda hakan yana taimakawa. In ana shakka, umurnin ord yana faɗin lambar kowane harafi.

An sa baƙaƙe masu lanƙwasa a misalan wannan babi ne da gangan, domin kare ƙa'idar rubutu da kuma nuna matsalar. A aikin da mutane da yawa za su sa hannu, abin da ya fi shi ne a yi ittifaƙi tun farko a kan hanya ɗaya. In an zaɓi barin lanƙwasa a sunaye, sai a kiyaye ta a rubutun da mai amfani zai gani a allo da rasit, a kuma guji haɗa tagwayen kalmomi irin su kafa da ƙafa, ko kara da ƙara, a aji ɗaya.

Alhamza kuwa ba ta da shiga ko kaɗan. Alamar da ake rubuta ta da ita ita ce Python yake buɗe zance da ita, saboda haka suna kamar duba_ma'auni ko 'yan_kasuwa zai jawo SyntaxError tun kafin a fara gudanar da komai. Harafin ƴ da ake amfani da shi a rubutun Hausar Jamhuriyar Nijar yana shiga ba matsala, tun da shi harafi ne guda.

4.6 Gado da Tazara da Kiran Juna

A marina, bayan an tsamo kaya daga karofi sun bushe, wasu akan kai su wajen mabuga a buge su su yi ƙyalli, kuma wannan da kuɗinsa daban. Ana iya ƙirƙirar sabon aji, RiniDaBugu, wanda zai gaji komai na Rini ya ƙara da kuɗin bugu. Idan sabon ajin ya rubuta nasa __init__, to na uban ba zai gudana da kansa ba, sai an kira shi da super().__init__ an miƙa masa abin da yake bukata. In aka mance, metod ɗin ƙirga_kuɗi da aka gada zai zo neman yawan_turmi ya tarar ba a taɓa cike gurbin ba, sai AttributeError ya fito a cikin ajin uba, alhali laifin na ɗa ne. Irin wannan saƙo ne kuma ake samu in aka kira metod a farkon __init__ kafin a kai layin da ke cike bayanin da yake nema.

Tazarar farkon layi ita ce take nuna wa Python abin da ke cikin aji. Metod da ya zame ya koma bakin layi ya fita daga ajin ke nan, ko da yana ɗauke da self. Wannan yakan faru idan aka kwafo rubutu daga saƙon waya. Haka kuma in rubuta_rasit yana kiran ƙirga_kuɗi, shi kuma yana kiran rubuta_rasit, za su yi ta jifan juna da kira har su kai iyakar da Python ya gindaya, wadda a bisa al'ada 1000 ce, sa'annan RecursionError ya fito.

4.7 Bin Sawun Kuskure

Idan manhajar Python ta tsaya, takan zubo dogon rubutu wanda yake razana sabon ɗalibi har ya ƙi karantawa. Wannan rubutu sawun kira ne, kuma daga ƙasa ake fara karanta shi. Layin ƙarshe shi ne yake faɗin nau'in kuskure. Na samansa yana nuna fayil da lambar layin da aka tsaya. Ana hawa sama ana ganin wanda ya kira shi, da wanda ya kira wancan, har zuwa mafari. Daga Python 3.11 na 2022 ma akan ja alama a ƙarƙashin ainihin ɓangaren layin da ya kawo tsaikon. Sai dai kamar yadda aka gani a misali na (3) da kuma batun gado, inda aka faɗi ba lalle ne nan aka yi tuntuɓe ba. Layin da aka nuna wurin fara bincike ne.

Tambayar farko da ya kamata a yi a kan layin ita ce, mene ne yake kafin ɗigo a daidai wannan lokaci? Ba abin da ake zaton yana nan ba, abin da yake nan hakika. Umurnin print(type(na_farko)) yana amsa wannan. In ya nuna Rini, to abu ne. In ya nuna type, to aji ne ake riƙe da shi ba abu ba. In ya nuna NoneType, to wani metod can baya bai mayar da komai ba. Tambaya ta biyu ita ce, waɗanne sunaye wannan abu ya sani? Umurnin dir yana jero su duka, a nan ne ake kama metod da ya zame daga aji ko wanda aka rubuta da wata lanƙwasa daban. Tambaya ta uku ita ce ƙirga gurabe: a ajiye layin def kusa da layin kira, a cire self daga lissafi, a ga ko sauran sun yi daidai.

Inda print ya gaza, ana iya dasa breakpoint() a layin da ake zargi. Wannan umurni ya shigo ne a Python 3.7 a 2018, kuma yana tsayar da manhaja a wurin, ya ba mutum damar tambayar darajar kowane suna da kuma takawa layi-layi. Akwai kuma manhajojin tantance rubutu irin su Pylint, waɗanda suke kama metod marar self da suna marar asali ba tare da an gudanar da komai ba, wato suna yi wa Python wani ɓangare na aikin da Java yake yi wa kansa.

Kurakuran shiru kuwa, irin na tsohon aiki da aka bari a saman fayil da na baka da aka mance a layin if, babu sawun da za su bari a bi. Hanyar kama su ita ce a riga kwamfuta sanin amsa. A ɗauki takarda a rubuta cinikai kaɗan masu bambancin hali: wanda ya biya duka, da wanda ya biya rabi, da wanda bai biya komai ba, da mai turmi ɗaya, da mai turmi 20. A lissafa kowanne da hannu, sa'annan a rubuta amsoshin a cikin manhaja da umurnin assert, kamar haka:

(5)
assert Rini("Hajiya", 4, 1500).ƙirga_kuɗi() == 6000
assert Rini("Malam", 1, 1500).ƙirga_kuɗi() == 1500

Wannan yana gwada metod ɗin lissafi ne shi kaɗai. Domin a kama irin kuskuren misali na (2) da na (4), dole a gwada metod masu kiran ma, wanda hakan yake bukatar rubuta_rasit da miƙa_kaya su riƙa mayar da amsarsu da return maimakon tsayawa ga print. Daga nan duk lokacin da aka taɓa wani layi a cikin aji, sai a sake gudanar da waɗannan gwaje-gwaje kafin a miƙa manhajar ga wanda zai zauna da ita a bakin karofi.